Sallau da Murjanin Yayansa

A Kwarin Maje akwai wani gida da ake kira gidan Tabawa. Ciki akwai tsohuwa Inna Tabawa, da babban ɗanta Barmo, da ƙaninsa Sallau. Sallau magidanci ne, har furfura ta fara tsiro masa a gemu. Ga ƙarfi, ga noma, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya aikata, ba ya leƙa cikinta. Barmo kuwa zuciyarsa a kusa take, abu kaɗan sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Barmo ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya zo da wani babban akwatin gilashi, ya cika shi da ruwan gishiri, ya saka 'yan kifayen teku da murjani. Ba irin na sarƙar wuya ba, wannan mai rai ne, ga rassa kamar 'yar bishiya, in ya ji daɗi sai ya buɗe kamar fure. Barmo ya ce ya saba da teku, ba zai tsufa ba ya ganinta ba. Mutanen gari suka sa masa suna mai kiwon dutse, shi kuwa ya yi rantsuwa sai sun zo kallo da ƙafarsu. Ya kafa sola a kan rufi don akwatin ya samu wutar lantarki. Wahalar dai ita ce, murjani ba ya rayuwa sai da haske, zafi kuma kashe shi yake yi, ga shi Kwarin Maje ba garin sanyi ba ne.

Wata rana fitilar da ke kan akwatin ta lalace. Barmo ya aiki Sallau kasuwar birni, ya ja masa kunne ya zaɓo wadda ko an kunna ta ba ta yin zafi. Sallau ya je ya tsare mai shago, ya sa shi kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, yana dafa kowacce da tafin hannu. Duk wadda ta kama sai ya ji ɗumi, ya girgiza kai. Can mai shago ya jona wata, ta ƙi kamawa, ya ce wannan ta ƙone. Sallau ya dafa ta ya ji sanyi ƙalau, ya ce ita yake so. Da ya kawo gida Barmo ya danna, ya sake dannawa, ɗaki duhu. Ya juyo yana huci ya tambaye shi ina hasken.

Sallau ya ce, "Yaya, ai ba ka ce haske ba. Zafi ka ce."

Barmo ya yi jifa da fitilar, ta tarwatse a jikin bango. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Wata rana, kafin a samo wata fitilar, Barmo yana tsaye yana faɗa shi kaɗai, yana cewa murjanin nan yunwa za ta kashe shi, abincinsa haske ne, can a teku rana yake ci ya ƙoshi. Sallau ya ji, tausayi ya kama shi. Da yayan ya fita, sai ya tsoma hannu ya ciro reshe mafi girma, ya ɗora a faifai, ya kai tsakar gida inda rana ta fi ƙwallewa. Ya zauna kusa da kara yana korar kaji. Barmo ya dawo ya tarar da reshen ya yi fari fat, yana wari. Wannan reshen kuwa tun yana ɗan tsito Barmo yake renonsa a Fatakwal. Ya ɗauke shi yana jujjuyawa. Sallau ya matso ya ce da alama ya ci da yawa ne. Sai da maƙwabta suka shigo suka riƙe Barmo. Ya rantse yau Sallau zai bar gidan. Inna Tabawa ta fito da sandarta ta ce gidan ubansu ne su biyu, kuma duk wanda ya san halin Sallau ya yi magana a gabansa ba linzami, shi ne babban wawan. Barmo ya haɗiye, amma bai huce ba.

Wata rana aka shiga tsakiyar bazara, iska ta tsaya cik. Barmo zai je ɗaurin aure a ƙauyen gaba, ba wanda zai bar wa akwatin sai Sallau. Ya nuna masa fankar da ke hura saman ruwa, ya nuna masa ma'aunin zafi da ke manne a cikin gilashin, ya ɗora yatsa a kan wata alama.

Ya ce, "Ka ga jan layin nan? Duk yadda za ka yi, kada ya haye nan."

Da rana ta take, layi ya fara hawa. Sallau ya yi masa tsawa, bai tsaya ba. Ya danne shi da babban yatsa, bai tsaya ba. Sai ya ɓamɓaro ma'aunin ya kai shi cikin randar Inna. Nan take layi ya sauka. Ya ga fanka ba ta da sauran aiki, ya juyo ta wajensa ya miƙe ƙafa. Barmo ya dawo ya tarar da ruwa ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, kifi ɗaya ya juya ciki sama, sauran murjanin duk sun tsuke. Sallau ya tsamo ma'aunin daga randa ya miƙa masa da murna, ya ce ko kusa layin bai je ba. Barmo ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, ana jiyo shi daga bakin masallaci. Masu zaman majalisa suka yi ta dariya, wannan kuma ya fi komai ƙona masa rai.

Wata rana aka aiko wa Barmo sabuwar fitila daga Fatakwal, ƙatuwa, mai shuɗin haske da ba ya kalluwa. Don ɗoki da son ya rufe bakin mutane, ya rataye ta da igiya dab da ruwa, ya ƙure ƙarfinta. Maimakon murjani ya farfaɗo, sai ya ƙara tsukewa, bakin rassansa ya fara koɗewa. Barmo ya ɗora laifin a kan Sallau, ya ce tsohuwar ɓarnarsa ce ke bin su. Ana cikin haka aka yi rasuwa a dangin matarsa, dole ya yi tafiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna ƙanin da yatsa.

Ya ce, "Fitilar nan ba sa'arka ba ce. Sama take da kai, nesa ba kusa ba. Ka ji ni ko?"

Sallau ya ce ya ji. Bayan an tafi ya tsaya kusa da fitilar ya auna, ya ga iyakarta ƙirjinsa. Ya ce lalle Yaya ya yi kuskuren ɗauri. Ya ɗauko turmi ya taka, ya janye igiyar, ya ɗaure fitilar can kusa da rufi. Ya sauko ya tsaya a ƙarƙashinta, ya miƙa hannu bai kai ba, hankalinsa ya kwanta.

Da Barmo ya dawo, tun daga ƙofa ya hango fitila a sama. Ya yar da jaka, ya cire takalmi ɗaya ya riƙe, ya nufi Sallau. Sai idonsa ya faɗa kan akwatin. Murjanin nan duk ya buɗe, kore da ruwan hoda, yana rausaya a cikin ruwa. Kifaye na zagaye abinsu. Ya tsoma yatsa ya ji ruwa da sanyinsa. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar, ya sake duban ruwan, a nan ya gane cewa shi da hannunsa yake gasa su, hasken ya yi musu kusa, zafinta kuma yana sauka cikin ruwa.

Inna Tabawa ta leƙo ta tambaya wa za a doka da takalmin. Barmo ya sunkuya. Ya sa takalminsa, ya ɗaure fuska tamau, don haushin ma yanzu ya rasa wanda zai sauke wa.

Can ya ce, "Kada wanda ya sake taɓa ta. Kai kuma ba wayonka ba ne, gyaɗar dogo Allah ya yi maka."

Sallau ya yi godiya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko buhu, ya fita yana tambayar mutane ina ne gonar Dogo.