Yadda Za Ka Zama Gwani a Guruf ɗin Masu Walda Ba Tare da Ka Taɓa Kama Sanda Ba

Ɗan'uwa, ba ni mako uku kawai. In ka bi abin da zan faɗa maka, mutum ɗari biyu da ke guruf ɗin waya na masu waldan unguwar Katwe za su riƙa kiranka gwani. Ni Ssentongo, shekarata tara ina yi wa get ɗin gidaje fenti, ban taɓa haɗa ƙarfe biyu ba, amma a guruf ɗin nan ake raba aiki, mai fenti kuwa sai an gama ake tunawa da shi. Na gaji, shi ya sa na shiga.

Mataki na ɗaya: Kada ka yi tambaya

Sabon shiga da ya tambayi da wace sandar walda ake haɗa siririn bututu ya kashe kansa. Kai dai ka jira a turo hoton aiki, ka bari minti goma ta wuce, ka rubuta: "Hmm. Wuta ta yi yawa." Rabin lokaci gaskiya ce. Sauran rabin kuma za su kama musu da junansu su manta da kai.

Mataki na biyu: Ƙona rigarka da hankali

Al'adarsu ce, duk baƙo sai ya turo hoton rigar aikinsa a ga ramukan tartsatsi. Kunna maganin sauro ka ɗiɗɗiga a hannun hagu da ƙirji. Wani Mugerwa ya yi nasa ramukan a gadon baya. Shugabar guruf, wata dattijuwar mai walda da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ta turo murya: "Ɗana, kai juya wa aikin baya kake yi?" Kafin azahar an cire shi.

Mataki na uku: Yi ciwon ido

Wanda hasken walda bai taɓa cika wa ido da yashi ba, ba nasu ba ne. Yanka albasa, ka ɗauki hoton fuskarka. Baba Kiggundu, tsohon da ya koyar da rabin unguwar, zai ce, "Sannu ɗana, yanka ɗanyen dankali ka ɗora." Yi godiya, ka soya dankalin ka ci.

Mataki na huɗu: Kada ka saci hoton kowa

Sun san aikin hannun juna kamar yadda ka san muryar matarka. In an matsa maka ka turo hoton aikinka, ce wayarka ba ta ɗaukar kusa.

Mataki na biyar: San inda za ka tsaya

Nan ne ni na zarce. Na yi ta gyara wa mutane aiki har Maman 'Yan Biyu ta rubuta a gaban kowa: "Ƙafar tankin gidana ta ruɓe, ni kuma bayana ya hana ni hawa. Gwani nake so. Ssentongo, ran Asabar."

Na je. Tanki ne na lita dubu biyu, a ƙarƙashinsa kuma murhunta yake, ga kujerar da take zama ta fere ayaba, ga takalman jikokinta. Ta miƙo min sanda. Wallahi tsoro ya kama ni, ba na tonuwar asirina ba, na ranar da tankin zai faɗo.

Na ce, "Mama, ni mai fenti ne."

Ta ce, "Na sani, ɗan nema. Ba kai ka yi wa ƙofar cocinmu kore ba? So nake in ga ko za ka yarda ka kashe ni." Ta kira Baba Kiggundu ya yi aikin. Ni kuma ta ba ni guntayen ƙarfe biyu ta ce in haɗa, tana tsaye da waya tana ɗaukar hoto.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da alhakin korar kowa, ko ƙonewar riga, ko faɗowar tanki. In ka shiga guruf ɗin ka ga hoton da ke samansa, wani abu kamar kashin kaza a kan ƙarfe, kada ka tambayi na wane ne. Wata bakwai ke nan sun ƙi canzawa, Maman 'Yan Biyu ta ce sai ranar da na yi wanda ya fi shi. In kana nemana ina shagonta ina koyon walda tun ƙarfe bakwai na safe, kuma ba ni da lokacinka.