Rasuwar Gwaggo, Jar Tukunyar Gidan Overney

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yau baƙin cikin bai sami wurin zama a jikina ba, ni Raymonde, matar Firmin Overney mai awaki, ta gidan ƙarshe a hanyar da ta haura dutse daga Charmey, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa tsoma burodi a teburinmu rasuwar tukunyar fondinmu, wato ta narkar da cuku, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Alhamis, shida ga Fabrairu, da misalin ƙarfe sha biyu saura kwata na rana, a kan murhun gidanta, bayan doguwar jinya. Shekarunta arba'in da biyar.

Na yi kwana tara ban fitar da wannan sanarwa ba. Ba kuka ne ya hana ni ba, don ban yi kuka ba. Nakan zauna da takarda a gabana, sai in ga rana ta faɗi.

Marigayiyar 'yar garin Bulle ce. A can wani maginin tukwane ya gina ta da jar ƙasa, ya yi mata mariƙi guda, gajere mai kauri. Rana ɗaya muka shigo gidan nan ni da ita, kyauta ce daga Philomène, ƙanwar mahaifin Firmin. Tun ba a watse daga bikin ba Firmin ya raɗa mata suna. Ya ce ga ta gajera, ga faɗi, ga nauyi, in ta ji wuta kuma sai gunaguni, to ai gwaggonsa ce sak. Maganar ta kai kunnen tsohuwar, ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Sunan dai ya bi tukunya.

Kowa ya shaide ta da haƙuri. A wannan kwari na masu shanu, inda cukun da ba na saniya ba ba a lissafa shi cikin cuku, ita ta ƙare rayuwarta tana narkar da cukun akuya, ba ta taɓa jin kunya ba. Wanda ya san aikin ya san ba wasa ba ne. Cukun akuya ba shi da kawaici, wuta ta ɗan yi masa yawa sai ya tsinke, mai gefe, ruwa gefe. Gwaggo kuwa a hankali take ɗaukar zafi, in ta ɗauka kuma ta riƙe. Sau biyu kawai cuku ya taɓa tsinkewa a cikinta, duka biyun laifina ne.

Kowace Alhamis da rana, daga zubar ganye har narkewar ƙanƙara, nakan goge cikinta da tafarnuwa, in zuba farar giyar inabi, in jira ta fara ƙananan kumfa. Sai cuku: kashi biyu na busasshen da ya yi wata huɗu a ɗakin ƙasa, a goge shi, kashi ɗaya na ɗanye mai laushi, da cokali guda na garin sitaci. Juyawa aikin Firmin ne, ba ya bari kowa ya taɓa muciyar. Yakan juya kamar mai rubuta lambar takwas, bai gaggauta ba, bai tsaya ba. In ya ɗaga kai ya dube ni, na san lokacin ganye ya yi, sai in watsa ganyen tim mai ƙamshi da yankakken lawashi da ɗan masoro, a ɗauke ta zuwa kan risho a tsakiyar tebur.

Ba mai yawan magana ba ce. Tana da lafiyarta, in ka ƙwanƙwasa ta da yatsa takan ce ƙil, da siririyar muryar da ba ta dace da jikinta ba. In cuku ya haɗu takan ce ɓul, ta huta, ta sake cewa ɓul. In an cinye kuma sai ƙurr ƙurr na wuƙa a kan ƙanzo.

Ƙanzon nan ya haddasa rigima a gidanmu fiye da rabon gado. Anselme, yayan Firmin, mai shanu arba'in, duk zuwansa sai ya toshe hanci tun daga bakin ƙofa ya tambaya wane bunsuru ne ya mutu a gidan. Firmin yakan ce masa ƙofar da ya shigo ba a kulle ta ba, tana nan inda ya bar ta. Anselme ya zauna ya ci rabon mutum biyu, sannan ya ce a ba shi ƙanzon don shi ne babba. Shekara arba'in suna wannan magana, kalma ɗaya ba ta sauya ba. Gwaggo tana tsakaninsu, ba ta taɓa goyon bayan kowa ba.

Ciwonta ya fara shekara shida da suka wuce, wata 'yar tsaga siririya kamar gashi daga baki zuwa gindin mariƙi. Na yi mata maganin da na gada, na tafasa madara a cikinta sau uku, tsagar ta toshe. Amma muryarta ba ta dawo ba. In ka ƙwanƙwasa sai ta ce ƙwaf.

A wannan shekarar ce Firmin ya fara laluben kalmomi. Da fari sunayen awaki ne suka ɓace masa. Muka sayar da su ga wasu matasa mata da miji a tsallaken kogi, a wurinsu nake sayen cuku yanzu. Daga baya ya manta 'yarmu Maude, wadda ke aiki a Lausanne. Daga baya ni. Ya koma kirana baiwar Allah, yana yi mini ladabi kamar matar da ta ba shi masauki. Abin da ya fi wuya shi ne abinci. A ganinsa gidan mutane yake, mahaifiyarsa kuwa ta hore shi kada ya ci a gidan mutane. Komai na ajiye masa sai ya yi godiya ya ce ya ci a gida.

Sai dai in ya ga jar tukunyar. Yana ganinta yakan ja kujera, ya miƙo hannu a ba shi muciya, hannun ya kama rubuta takwas shi kaɗai. Can sai ya ce, "Raymonde, wutar nan ta yi yawa." Tukunyar yake kallo in yana faɗa, amma sunana ne. Yakan ci har ya ƙoshi, ya kankare ƙanzo ya raba biyu. Rabin awa abin yake ɗauka, wani lokaci ƙasa da haka.

Shi ya sa Alhamis ta zama kullum. Saboda magungunansa na maye gurbin giyar da ruwan tuffa da ɗan lemon tsami. Likita ta ce ba abincin da za ta zaɓar wa tsoho ba ne, amma ya fi babu. Ni da Maude muka yi yarjejeniya a kan teburin nan: muddin yana cin abinci, a gida zai zauna. Ranar da ya daina, ba zan yi gardama ba. Tukunyar da aka gina don aikin rana ɗaya a mako ta yi shekara biyu tana hawa wuta kowace rana, rani da sanyi, da tsagarta a jiki. Ina so a rubuta mata wannan.

Ranar da abin ya faru, na goge ta da tafarnuwa na ajiye ta a kan murhu, ban kunna ba. Na fita baranda in tsinko ganye. Maƙwabciyata Huguette ta tare ni ta kan shinge da labarin gwiwarta, na tsaya sauraro, bai wuce minti biyar ba. A cikin mintin nan Firmin ya so ya taimaka. Ya kunna wuta har ƙarshe a ƙarƙashin tukunya babu komai a ciki. Da ya ga hayaƙi sai ya tari ruwan sanyi a famfo ya zuba mata.

Daga baranda na ji maganarta ta ƙarshe. Ƙas. Sau ɗaya.

Na tarar da ruwa yana bin murhu, ita ta rabu huɗu, shi yana tsaye da mariƙin a hannu. Na kashe wutar. Ya dube ni, fuskarsa irin ta yaron da ya yi laifi, ya ce, "Baiwar Allah, na yi ɓarna. Don Allah kada ki gaya wa Raymonde."

Na ce, "Ba zan gaya mata ba."

Na duba hannunsa, bai ƙone ba. Na zaunar da shi, na ɗauko tsumma na goge ruwan. Iyalan marigayiya ba sa zargin kowa, kuma suna roƙon kada a yi zancen a gabansa.

An yi iyakar ƙoƙari. Anselme ya kai gutsattsarin wurin wani magini, aka ce masa za a iya liƙe ta don kallo, amma ita da wuta har abada. Washegari Maude ta zo da sabuwa ta ƙarfe, ja kamar waccan. Firmin ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kasa kunne, ya tura ta gefe a hankali. Huguette ta kawo ta mahaifiyarta. Ranar Talata Anselme ya zo da tasa tukunyar, da cukun akuyar da ya je ya saya da ƙafarsa, karo na farko a rayuwarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci ya yi tambayarsa ta bunsuru, ya jira amsa. Firmin ya miƙe ya gaishe shi kamar baƙo, ya ce masa ya zauna, masu gidan mutanen kirki ne. Da aka kawo abinci ya yi godiya ya ce ya ci a gida. Anselme ya fita, ya daɗe tsaye a jikin motarsa kafin ya tayar da ita.

Jiya Maude ta same ni ina wanke-wanke. Ta ce, "Mama, kwana takwas ke nan. Rabin kofin madara ba abinci ba ne." Na ce na sani. Ta ce akwai ɗaki a gidan kula da tsofaffi da ke ƙasan kwari, tagarsa tana kallon dutse, suna da masu sanin yadda ake lallaɓa irinsa. Na ce to. Ta tsaya tana jira in yi mata faɗa, na ga tana so in yi. Na ci gaba da wanke kofin da ke hannuna.

Marigayiyar ta bar abokin zamanta risho, da cokula guda biyar masu dogayen yatsu, na shidan ya riga ta tun Maude tana ƙarama. Ta bar muciya wadda gefenta ɗaya ya cinye, da kwandon burodi, da rabin cuku a ɗakin ƙasa wanda ban san yadda zan yi da shi ba. Ta bar ni. Ta bar Firmin, wanda bai tuna ta rasu ba. Mariƙinta yana aljihun rigarsa tun ranar, ban karɓa ba, don haka ba da shi za a binne ta ba.

Za a yi jana'iza jibi Litinin, sha bakwai ga wata, da ƙarfe tara na safe, a bayan tsohon garken awaki, gindin bishiyar tuffa. Ƙasa ta daskare, amma Anselme ya riga ya sare ramin da diga. Za a naɗe ta a cikin mayafin tebur. Babu limamin coci, babu jawabi. Kada a kawo fure, kuma don Allah kada a kawo tukunya, akwai uku a kan kantar kicin. Ba za a ci abinci ba, akwai dai kofi ga mai so. Ana roƙon masu zuwa su zo da wuri kuma su taƙaita gaisuwa, domin ƙarfe sha ɗaya mota za ta zo ɗaukar Firmin. Akwatinsa yana bene, na gama haɗa shi, amma ya fi ƙarfina. Duk wanda bayansa ke da lafiya, ya ɗan dakata bayan an rufe ramin ya taya ni sauko da shi.