Ranar da Na Faɗa Rumbu Saboda Duna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zo rigakafin haukan kare a garinmu, Nasarawa Burkullu. Muna da wani baƙin kare mai suna Duna, shi ke gadin awakin Inna. Ni na ja shi zuwa dandali, ina ta fankama a gaban samari cewa ni kaɗai yake jin maganata.

Likitan dabbobi ya yi masa allura, ya ce, "Ka ɗan tsaya tukuna mu ga yadda jikinshi zai karɓa."

Ban tsaya ba, na ja shi muka koma gida. (Tuwo na jirana a gida, ka san hali.)

Na zauna ina cikin lomar farko sai na ji gurnani a bayana. Ina waiwayawa na ga Duna fuska ta kumbura suntum, idanu sun shige ciki, yawu na dalala, yana tangaɗi yana nufo ni. Wallahi ban san lokacin da na kai saman rumbu ba. Daga can na buɗe murya: "Jama'a ku kawo ɗauki! Duna ya haukace!"

Nan da nan gida ya cika, maza da sanduna, wani har da gatari. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya tsakaninsu da karen.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji ta. "Wanga dabba bai ciji kowa ba, numfashi yake nema. A kira mai allura!"

Ni kuwa daga sama ina ta ba da umarni: "Inna ki matsa, zai cije ki!" Ina ɗaga hannu don in nuna mata, jinka ta burma da ni. Na nutse cikin gero har ƙirji, wandona ya maƙale a jikin wata gorar jinkar ya yage tun daga ƙugu. Mata suka juya baya suna riƙe ciki. Maƙwabcinmu Malam Isa ya leƙo ya ce, "To, mi za mu fara ceto, kare ko mai kare?"

Allah ya sa likitan bai bar gari ba. Ya iso a kan babur, ya durƙusa ya yi wa Duna wata allurar. Muna kallo (ni ta ramin jinka) numfashinsa ya fara daidaita, kumburin ya soma saɓewa. Ya ce ba hauka ba ce, jikin wasu dabbobi ne ke ƙin allura, ba kasafai ake samu ba, kuma in an yi hanzari magani na kamawa. Sai da ya gama aka tuna da ni, aka miƙo mini zanin Inna na ɗaura na fito.

Kafin la'asar Duna ya sha ruwa ya koma gindin awaki. Har yau yana nan lafiya, kuma duk shekara ana yi masa allurar, sai dai likitan kan fara ba shi maganin kariya.

Ni dai na koyi abu guda: in ka ga abin tsoro, ka duba da kyau kafin ka tara jama'a. In kuwa gudun ya zama dole, ka nemi abin da zai iya ɗaukar nauyinka.