Baƙi Biyar a Lambun Suruki

Wani mutum ne ya yi shekara goma sha tara yana aiki a masaukin baƙi. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa samun baƙon da ya nemi ruwa ya rasa a hannunsa ba, ko wanda ya ji sanyi ba a kai masa bargo ba. Da aka rufe masaukin sai ya koma gida ya zauna, yana yi wa matarsa sannu da zuwa duk sa'ad da ta fito daga ɗakin girki.

Surukinsa, wato mahaifin matar, tsohon malamin ilimin tsirrai ne. Yana da lambu a bayan gidansa, da ɗakin gilashi inda ya ajiye tsirrai biyar da ya samo daga nahiyoyi biyar. Gwiwa ta fara damun tsohon, yana neman wanda zai damƙa wa lambun ya zama aikinsa na dindindin. Matar ta yi ta roƙo har ya yarda a gwada mijin nata na kwana goma sha huɗu, lokacin da shi zai tafi a yi masa aikin gwiwar.

Ranar tafiya, tsohon ya zaga da shi ɗakin gilashin.

"Ɗana, buɗe kunnenka. Wannan mai ƙaya, mai kama da taɓarya, daga hamadar Amurka ta Arewa ya fito. Shekararsa ashirin da biyu a hannuna. Rabin kofin ruwa yake sha, sau ɗaya a wata, kuma na riga na ba shi na wannan watan."

"Sau ɗaya a wata, Baba?"

"Sau ɗaya. Wannan furen da ke rataye a jikin ɓawon itace kuwa ɗan dazuzzukan Asiya ne. Ba ya son ƙasa, feshin ruwa kawai za ka yi masa da safe. Wancan fari ƙarami daga duwatsun Turai masu ƙanƙara yake, kada ka kuskura ka kashe masa na'urar sanyi. Wancan badon mai faɗin ganye ɗan kogunan Amurka ta Kudu ne, a tafkinsa yake kwana yake tashi. Na biyar kuma..."

Direba ya danna hon a waje. Tsohon ya miƙa masa mabuɗi da littafi, ya ce, "Sauran yana rubuce a ciki," ya dogara sanda ya fita.

Mutumin ya tsaya shi kaɗai, ya dubi mai ƙaya a cikin busasshen yashi, ya dubi wanda aka rataye, ya dubi wanda ke cikin sanyi. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Bayin Allah, kun taso daga uwa duniya, ashe haka ake riƙonku a gidan nan? Ku yi haƙuri. Baba mutumin kirki ne, tsufa ne ya kawo haka."

Nan take ya ɗan leƙa littafin tsohon, ya sa shi a aljihun tebur, ya buɗe sabon rajista irin na masauki, ya ja layi da rula, ya bai wa kowane tsiro lambar ɗaki.

A rana ta biyar, da ƙarfe ɗaya da kwata, matarsa ta kawo masa abinci. Tun daga ƙofa ta ja ta tsaya. Badon nan yana shimfiɗe a kan tabarma, an goge shi da tawul, fanka na kaɗa masa.

"Baban yara! Wa ya fito da wannan daga ruwa?"

"Ni mana. Cikin tafki na same shi tsamo-tsamo, har wuya. Da ban zo da wuri ba ai da mura ta kashe shi."

"A ruwa fa Baba ya ce yake rayuwa!"

"Ke kuma! Wanda ambaliya ta koro daga ƙasarsu, ya zo nan kuma a sake jefa shi a ruwa?"

Ta juya ta ga an sauko da furen Asiya daga kan ɓawonsa, an binne shi har rabi a cikin bokiti cike da taki. Farin furen Turai kuwa an naɗe tukunyarsa da bargon ɗakinsu, an ajiye masa kaskon garwashi a gefe. Na'urar sanyi tana kashe.

"Bargona ne wancan?"

"Aro na yi. Mutumin nan tunda aka haife shi bai san ɗumi ba. Wancan kuma an rataye shi kamar wanda ya yi sata, ko inda zai sa ƙafa ba shi da shi."

"To mai ƙayar fa?"

Ya buɗe rajista da girmamawa ya karanta mata: "Ɗaki na ɗaya. Ruwa bokiti biyu da safe, biyu da rana, ɗaya da yamma. Bai taɓa cewa ya ƙoshi ba."

Matar ta ajiye kwanon abinci a hankali, ta dafe kai. "Baban yara, don girman Allah ka ɗauko littafin Baba ka bi abin da ya rubuta. Wata shida kana zaune a gida. Sai da na durƙusa har ƙasa kafin ya ba ka mabuɗin nan."

"Maman yara, kwantar da hankalinki. Baba malami ne, ya san tsirrai. Ni kuwa na san baƙi. Baƙo kunya gare shi. Ko ƙishirwa za ta kashe shi, in kin tambaye shi cewa zai yi ya sha a hanya."

"Ga shi nan duk ya yi laushi, ya fara karkacewa!"

"Sabo ne ya fara shiga. Da can a ƙame yake tsaye kamar soja, yanzu ya gane gida ya zo."

Ta ɗauki gyalenta ta tafi, tana ta salati har bakin titi.

A rana ta goma sha huɗu, da ƙarfe goma na safe, tsohon ya dawo, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Mutumin ya tarbe su da fararen kaya, rajista a hammata. Wari ne ya fara yi wa tsohon maraba.

Ya shiga ya tsaya. Badon ya bushe ƙayau kamar tsohon faifai. Furen Asiya ya ruɓe a cikin takinsa. Na Turai ya koma launin ganyen shayi a ƙarƙashin bargo. Mai ƙaya kuwa, mai shekara ashirin da biyu, ya kwanta a cikin tukunyarsa ya narke kamar kabewar da ta daɗe a rana.

Tsohon ya juya. Ya dogara sanda zuwa bakin taga, inda kasko na biyar yake. Ya same shi a kife, an wanke shi fes.

"Ina na cikin nan?"

Mutumin ya buɗe rajista. "Ɗaki na biyar. Littafinka ya ce ɗan kudancin Afirka ne, kada a taɓa shi. Na leƙa ranar farko ban sami kowa ba, sai 'yan tsakuwoyi. Na jira kwana uku bai dawo ba, na tabbata ya tafi ba sallama. Sai na zubar da tsakuwar na gyara ɗakin."

"Tsakuwar nan su ne tsiron!"

"Su ne?"

"Su ne! Haka Allah ya halicce su, don kada dabba ta gane su ta cinye. Ina ka zubar da su?"

"Wani rami ne a bakin ƙofa, Baba, na ce kada ka dawo da sabuwar gwiwa ka yi tuntuɓe. Yanzu ma ta kansu ka shigo."

Matar ta janyo kujera da sauri ta zaunar da mahaifinta. Sai da ya sha ruwa kofi biyu, wanda surukin nasa ya miƙa masa da hannu bibbiyu, kafin magana ta fito.

"Ɗana, ban faɗa maka komai dalla-dalla ba?"

"Ka faɗa, Baba. Na ɗauka labarin wahalar da suka sha kake ba ni."

"Wace wahala? Rayuwarsu ke nan! Wannan a ƙasarsu sai ya yi shekara bai ga ɗigon ruwa ba, kuma lafiyarsa lau. Wancan a kan bishiya kakanninsa suka rayu suka mutu, ba su taɓa taka ƙasa ba. Wancan ƙanƙara ce katifarsa. Kowannensu abin da ya saba da shi a gida shi ne jin daɗinsa!" Ya miƙa tafin hannu. "Ba ni mabuɗina."

Mutumin ya zaro mabuɗin ya ɗora masa a hannu cikin ladabi. Ya rufe rajista, ya dubi gawar mai ƙaya, ya girgiza kai, ya ce:

"Ni dai, Baba, ban yarda ba. In da daɗi a ƙasar tasu, me ya kawo su gidanka?"