Igiyar Goje a Hancin Tarakta

"Ina gajiya, ina iyali? Ya shanu, ya sauran 'yan'uwanka na garke?"

"Duk lafiya lau, suna gaishe ka. Har garke labari ya kai, wai Kaɗo zai sayi ƙarfe ya kira shi dukiya."

Masu wannan gaisuwa Datti ne da Jaji, a kan gadar kanal ta hanyar Kadawa, da sanyin safiya, shinkafa ta nuna dama da hagu tana jiran lauje. Taubasai ne. Uwar Jaji ƙanwar uban Datti ce, aure ya kai ta ruga a bayan Bunkure. Shi ya sa Datti ke kiran Jaji bawansa, shi kuma Jaji ya ce bai taɓa ganin ubangidan da bawa ke ciyarwa ba sai a kan Datti. Dukkansu gemu ya yi fari, amma bakin nan nasu ko alamar tsufa babu.

Tun suna samari shanun Jaji ke yi wa Datti huɗa. In an yanke shinkafa kuwa, sai garken Jaji ya shiga gonar ya yi makonni yana cin bambaro da tushiya, ya bar taki, sannan a dasa tumatir. Da wannan shanun ke shiga rani da ƙarfinsu. To ga shi yau Datti zai sayi tarakta ta hannu, kuma Jaji ya san halin tarakta sarai: yau a yi yanka, gobe ta jawo haro, garmarta mai fayafai, ya bi ya binne komai. Maƙwabtan Datti duk haka suka koma yi, gonarsa kaɗai ta rage wa shanun. Abin yana cin Jaji a rai ƙwarai, amma ya gwammace ya haɗiyi garwashi da ya buɗe baki ya roƙi taubashinsa. Ya dai fito da niyya guda: ya samo wa abar nan aibu, ciniki ya watse.

"Wannan igiyar da ka rataya fa?" in ji Datti. "Kai za ka ɗaure kanka, ko in taimaka maka?"

"Ta Goje ce. Ka aiko cewa in raka ka sayen dabba, ni kuwa ban taɓa zuwa ciniki ba igiya ba."

Goje shi ne tsohon bijimin huɗar Jaji, wanda ya san kunyoyin gonar Datti fiye da Datti.

"Goje dai da ya kusa fara tafiya da sanda? Ka gaishe shi, ka ce masa ya huta, ƙanwarsa ta zo."

"Tsohon doki sai mai shi. Kai da aka haifa kafin a haƙa kanal ɗin nan, wa ya ce ka huta?"

"Ni ubangida ne, hutu gadona ne. Wuce gaba, bawana, ka share mini raɓa."

A haka suka isa ƙofar gidan Baballe, mai taraktar, wanda zai sayar da ita don ya sayi babba. Ga ta nan a tsaye jawur, an wanke ta tas har tana ɗaukar ido. Baballe ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Baba, ku duba son ranku. Gani ya kori ji."

Datti ya shiga washe baki kamar gonar auduga. Jaji kuwa ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya zagaya ta a hankali yana taɓe baki.

"Yaro, mace ce ko namiji?"

"Baba, tarakta ce ai."

"Na ji. Tana haihuwa?"

"A'a."

"Ana tatsa?"

"A'a, Baba."

"In ta faɗi za ta mutu, a yi maza a sa mata wuƙa a ci nama?"

Baballe ya sunkuyar da kai yana dariya.

"To Datti, ka ji da kunnenka. Ba ɗa, ba nono, ba nama, ko layya ba ta yi. Me ka zo saya?"

"Na zo sayen abin da in na ɗaure shi nan zan same shi," in ji Datti. "Ba za ta tsinke ta shiga albasar mutane a kai ni gaban mai unguwa ba."

"Sau ɗaya tak aka yi haka, kuma kai ka bar shingen a buɗe don ka hango an sauke tukunyar ɗanwake."

"Ubangida ba ya rufe shinge. Aikin wa ke nan?"

Jaji bai kula shi ba. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa babbar tayar da sanda, ya sa yatsa cikin zanenta, ya ce kofaton bai cinye ba tukuna, amma a bari a gani. Ya leƙa faifan haro ɗaya bayan ɗaya, ya ce haƙora ke nan, kuma babu giɓi, sai dai ya taɓa ganin tsohuwar saniya mai cikakken baki. Daga nan ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji ya yi shiru.

"Addu'a kake yi mata?" in ji Datti.

"Kai dai Kaɗo ne, Allah ya yafe maka. Dillalin da ke da raguwar saniya yakan zagaya da ita tun asuba don jikinta ya saki kafin masu saye su zo. So nake in ji ko an ɗuma wannan."

"To me ka ji?"

"Sanyi ƙalau," in ji Jaji, ba da son ransa ba. "Kamar hannunka in an zo neman taimako."

"Baballe, tashe ta, kafin bawan nan ya ce a buɗe mata baki ya ƙirga haƙora."

Baballe ya hau ya murɗa makulli. Jaji har ya gyara tsayuwa yana jiran ta yi tari ta shaƙe, sai kawai ta kama. Baƙin hayaƙi ya fita daga salansa sau ɗaya, ya washe, ƙarar ta daidaita. Jaji ya ɓata fuska.

"Ka ji murya?" Datti ya ɗaga tasa don a ji shi. "Wannan ba irin kukan Goje ba ne, mai kama da na wanda aka hana fura."

"Kyan ɗan maciji ke nan. Amarya ma ranar farko ba ta musu."

"Zo mu hau mu gwada haro a fegin can."

"Ni? In hau abin da ba ya jin sunansa in an kira shi? Je ka, in ta kayar da kai zan kai wa iyalinka hularka."

Suka tafi suka bar shi. Jaji ya tsaya yana kallon yadda haro ke kifar da ƙasa, abin da zai ɗauke shi da Goje tun safe har azahar, ga shi ana gamawa kafin mutum ya tauna goro. Ya kawar da kai. Akwai abu guda da ya rage masa, wanda kowane mai shanu ya sani: dabba ba ta ƙarya a makwancinta. In tana zawo, in tana fitsarin jini, ƙasar da ta kwana a kai za ta faɗa. Sai ya bi sawun taya har bayan gida, inda wata rumfar kwano take.

Sawun ya tsaya a tsakiyar rumfar. Jaji ya tsuguna, ya shafa ƙasar, ya shinshina yatsunsa. A bushe take ƙamas, ko ɗigon baƙin mai babu, sai sawun kaji. A gefe guda kuwa, jikin katanga, ga wani tabo baƙi ƙirin mai faɗin faifai, kuma ga shatar ƙafafun ƙaramin injin ban-ruwa a kewaye da shi. An ɗauke injin an tafi da shi gona, tabon ya rage.

Yana nan tsugune Datti ya iso yana haki, shi kaɗai, don Baballe ya shiga gida ɗebo musu ruwa. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai a kan tabon. Nan take fara'arsa ta ɗauke.

"Jaji," ya ce, a karon farko yau ya kira shi da sunansa. "Nan ta kwana? Man nan nata ne?"

Jaji ya san ko akuya Datti bai taɓa saya ba sai da yawunsa. In ya ce "e", ko ma ya yi shiru kawai ya girgiza kai, shi ke nan, Datti zai karkaɗe rigarsa su koma gida, shanu su ci bambaronsu bana. Ya dubi tabon, ya tuna 'yan maruƙan da aka haifa da damina. Sannan ya dubi fuskar ɗan kawunsa, ya ga yadda ta yi.

"Wallahi Kawu ya yi asarar kuɗin makarantar allo," ya ce. "Yanzu kai ko kashin giwa da na ɓera ba ka bambancewa? Dubi ƙafafu. Wannan fitsarin injin ban-ruwa ne. Taka a nan ta kwana, ga sawunta."

"Ka tabbata?"

"Taɓa ƙasar mana. Ta fi aljihunka bushewa." Ya miƙe yana dafa sanda, gwiwarsa ta yi ƙara. "Lafiyarta ƙalau. Na duba ta ciki da bai, na so in samu abin faɗa ban samu ba. Saye ta."

Datti ya daɗe yana kallonsa.

"Ka so ka samu, ko?"

"Bawa ba ya son ubangidansa ya yi asara, shi ke nan."

"Rufe mini baki. Tun a kan gada na ga ka zo da fuska kamar an aiko maka da sammaci. Kana tsammanin ban san bambaro ke cin ka ba?"

Jaji ya shiga gyaran igiyar da ke kafaɗarsa.

"Bara ina kan kunya ina kallon ka," in ji Datti, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka durƙusa a bayan garma har Goje ya waiwayo yana jiran ka. Ka ce mini ƙaya ka taka."

"Ƙaya ce."

"A gonar da ruwa ya kwana? Ƙayar ta biyo kanal daga madatsar Tiga ke nan. Jiki magayi, ɗan Gwaggo. Ranar na ce ba za ka sake riƙe mini garma ba. In ka faɗi a gonata, me zan ce wa Gwaggo ranar da muka haɗu?"

"Ka ce mata ka kashe bawanka da aiki, ba ka taɓa biyan sa ba."

"To ji sauran. Wannan abar ci kawai ta iya, ba ta kashi, ni kuwa tumatir ɗina da takin shanu ya saba. Ba za ta sa ƙafa a gonata ba sai shanunka sun cinye sun yi gyatsa. Kafin nan ta je ta yi wa maƙwabta haro, in ce kowa ya tara mini bambaronsa maimakon ya cinna masa wuta, in ɗora a tirela in kai maka har ruga."

"Dashenka zai makara."

"Ya makara. Dama da naka saurin na saba?"

Jaji ya sunkuyar da kai. Daɗi ya ji, irin wanda ke sa dattijo neman inda zai ɓoye idonsa, sai ya juya yana yi wa kajin Baballe tsawa ba su yi masa komai ba.

Baballe ya fito da ruwa, aka sha, aka yi 'yar magana a gefe, ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Datti, wanda ya koyi tuƙi a taraktar haya, ya tattare babbar rigarsa ya haye kujera yana hura hanci.

"Dakata," in ji Jaji. "Ba a kai dabba gida da igiyar mai sayarwa, albarkar takan bi shi ta koma."

Ya sauke igiyar Goje daga kafaɗarsa, wadda ya tufka da hannunsa, duk ta yi santsi don daɗewa. Ya zura ta a ƙarfen gaban taraktar, ya yi mata ɗaurin da yake yi wa sabon bijimi, ya tofa bisimilla, ya shafa mata goshi.

"Na ba ta. Goje ya gama da ita."

Datti ya murɗa makulli. Sai ya sa giya ta ɗaya. Tarakta ta taso a hankali, Jaji na gaba riƙe da igiya, sanda a kafaɗa, yana yi mata irin fiton da yake yi wa shanu. Masu yankan shinkafa suka miƙe daga sunkuyo suna nuna su da lauje.

Sai da suka hau gadar kanal Datti ya samu bakinsa.

"Jama'a ku shaida," ya ɗaga murya, "yau gaskiya ta fito. Ubangida a sama, bawa a ƙasa."

Jaji ko waiwayowa bai yi ba.

"Tambayi duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen shanu," ya ce. "Mai riƙe da igiya shi ne mai dabba. Abin da aka ɗora mata a baya kuwa, kaya ne."

Datti ya tuntsire da dariya har tarakta ta nufi bakin kanal, ya yi maza ya murɗo sitiyari.

"Na yarda, ni kaya ne," ya ce yana share ido da hannun riga. "Ja mu a hankali, mai dabba, kada ka zubar da ni."