Fuskar Dogo a Hasken Tocila

"Salamu alaikum! Ina amaryar gidan nan? Ko har yanzu ana kwalliya ne?"

"Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar ragon mijin nan nawa? Shigo mana. Ai na ɗauka ka sake ni ban sani ba."

Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna lokacin da jikanta ya shigo, rataye da jakar kayan aiki. Inna ita ce mahaifiyar abokina Dogo, wanda muka yi shekaru muna jan babbar mota tare, in ya gaji in karɓi sitiyari, in na gaji ya karɓa. A farkon shekarar nan Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan ƙafata ba ta iya wuce layinsu ban shiga na gaishe ta ba. Jikan nata shi ne ɗan Dogo na fari, magidanci ne yanzu, yana da shagon gyaran kayan lantarki, kuma ni na kira shi. Akwai wani bidiyo na ranar da ya buɗe shagon a filas, 'yar na'urar ajiya da ake sokawa a jikin talabijin, Dogo na ciki yana ta surutu da dariya. Shi Inna take kunnawa a talabijin kullum. Yanzu ga murya tana fita, amma babu hoto. Da safe ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ina tsoron fuskarsa ta ƙone a ciki." Jikanta kuwa ba za ta faɗa masa haka ba. Su biyun ba su iya magana ba sai da zolaya.

Ya ajiye jaka ya ce, "In na sake ki wa zai kwashe ki? Haƙora biyu suka rage miki, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Haƙora biyun nan sun tauna abin da kai da cikakken bakinka ba ka taɓa jin ƙanshinsa ba. Dube shi. Miji ya zo wurin amarya hannu rabbana, sai jakar ƙusoshi."

"Ƙusoshin nan su za su fitar da ke kunya yau. Ina mara lafiyar?"

"Ga shi can a kan teburi. Ka bi shi a hankali, ya fi ka daraja a gidan nan."

Ya danna maɓalli. Gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Sai muryar Dogo ta cika ɗakin: "Kai, ku matsa mini in fito a hoton, ni na haifi mai shagon!" Na sunkuyar da kai. Yaron ya dafa teburi, ya gyara murya.

"Tunda yana magana, wuta na shiga. Wannan ƙaramin ciwo ne."

"Haka likitan da bai iya ba yake cewa."

Ya zare filas ɗin, ya juya zuwa wata tasha. Muryar mai karanta labarai ta fito, gilashi na nan baƙi.

"Kin ji? Nan ma babu hoto. Ashe ba filas ɗin ne ya lalace ba."

"Yo ni na ce maka shi ne?"

Ya danna rimot ta nan, ya danna ta can, ko alamar rubutu ba ta bayyana ba. Ya cire wayar wutar daga bango, ya ɗan jira, ya mayar.

Inna ta tafa hannu. "Wannan shi ne aikin da ake buɗe wa shago? Cire ka mayar? Da na sani ai da na kira kazata, ita ma ta iya tsattsage waya."

"Ki bar ni in zuba miki bidiyon a wayata ki kalla, kafin in gama."

"A wannan akwatin ashanar? Idon da ba ya ganin ramin allura shi zai ga mutum a cikin tafin hannu? Ka ce dai abin ya fi ƙarfinka. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Yau za ki ga kaza da linzami."

Ya mayar da filas, ya sake kunna bidiyon, ya juyo da talabijin ɗin, ya shafa bayansa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya sa farce a 'yan ramukan da iska take shiga, ya zaro wani abu kamar auduga, ja-ja.

"Amarya, ruwa ba ya tsami banza. Me kike yi wa abin nan in ba kowa?"

"Wanka nake masa, in shafa masa mai, in goya shi."

"Wannan gashin bargo ne." Ya nuna wani jan bargo mai kauri da ke ninke a kan kujera. "Ga ma mai laifin can ya yi lamo. Kina lulluɓe shi yana kunne?"

"Sanyi yake ji."

"Talabijin ne yake jin sanyi? Lallai tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Abin da ke neman iska ya sha kika toshe wa hanci. Ai dafa shi kika yi, saura ki sa gishiri."

Inna ta kawar da kai. Ni na san dalili, don na sha tarar da ita a haka. Tun bayan rasuwar takan rufe gilashin da bargo sannan ta kunna, ta ci gaba da 'yan aikace-aikacenta, Dogo na magana kamar yana ɗaya ɗakin. Muryar tana iya ɗauka, fuskar ce ba ta iya kallo. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta yaye bargon, sai ta tarar da duhu.

Ta ce a hankali, tana kallon ƙasa, "To in na ƙona shi, ka faɗa mini kawai."

Yaron ya dube ta, ya dube ni. Na ga ya gane.

"Ke kin isa ki ƙona babana? Mutumin da ko rana ta gaji da shi ta ƙyale shi?" Ya waiwayo gare ni ya ce, "Baba, ja mana labulen nan. Amarya, jawo kujerarki kusa. Matso sosai, ba cizo nake ba."

"Ko ka yi cizo, wa zai ji?"

Na ja labule. Ya ciro ƙaramar tocila daga jaka, ya manna ta a jikin gilashin, ya ɗan karkata ta. A cikin da'irar hasken nan sai ga wani abu yana motsi, dishi-dishi kamar inuwa a ruwa. Ya ja tocilar sama kaɗan. Hula ce. Ya sauko da ita. Sai ga Dogo, baki buɗe yana dariya, yana ture wani da kafaɗa.

Ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" ba.

Yaron ya ce, "Kin gani? A bayan gilashin akwai 'yan fitilu a jere, su suke haska hoto. Su zafi ya kashe. Hoton yana nan lafiyarsa lau, a duhu kawai yake zaune. In na canza fitilun, shi ke nan."

Inna ta karɓe tocilar daga hannunsa. Ta bi fuskar da ita daga goshi har haɓa, in Dogo ya matsa ta bi shi. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ga hancin nan," ta ce, "kamar bakin buta. Shi ka gada, shi ya sa ba mai son ka sai ni."

"Daga wurinki ya samo shi. Ba ni talabijin ɗin in kai shago, kafin la'asar na dawo da shi."

"Ba inda za shi sai ya gama maganarsa. Ana katse babba?"

Muka zauna mu uku har bidiyon ya ƙare, tocila a hannunta. Sannan ta miƙe, ta ɗaga matashin kanta, ta ɗauko agogon hannun Dogo, wanda na san shi kamar tafin hannuna.

"Ungo. Na yarda, ka iya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Au, yanzu amarya ce take biyan sadaki?"

"Ɗaura dai, don ka san la'asar in ta yi."

Ya yi ta kokawa da maɗaurin, ya kasa sa shi a rami. Inna ta fizgo hannun nasa tana dariya, fuskarta sharkaf.

"Kawo nan, ragon miji. Mai gyaran talabijin, agogo ya kayar da shi."