Kuri'ar Intan

"Wa alaikumus salam. Shigo, mai farar ƙafa. Tun daga bakin lif na ji takunki, na san ba alheri kika ɗauko ba."

Tok Jumari, wato Kaka Jumari, ne mai maganar, yana zaune bakin tagar gidansa, hawa na tara a unguwar Tampines. Wadda ta shigo jikarsa ce, Liyana, wadda ta girma a hannunsa. Ta sumbaci hannunsa, ta ajiye masa ƙunshin shinkafar kwakwa, ta ce wanda ya rage da haƙora huɗu ba shi da bakin zagin mai kawo masa abinci.

A ƙasan tagar nan akwai makarantar yara ƙanana, mai filin wasa da yashi da bishiyar mangwaro, ana koyar da Malayanci da Turanci. Nan Liyana ta nema wa 'yarta Intan gurbi. Masu nema sun ninka kujerun sau uku, don haka aka jefa kuri'a. Intan shekararta huɗu, Turanci kawai take ji, shi kuma tsohon Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Tun rasuwar matarsa, in an kawo masa yarinyar, sai dai su yi ta nuni da hannu suna murmushi. Ya daɗe yana cewa kafin ya tafi yana son ya ba ta labari ɗaya ta gane.

"To, faɗi mana," ya ce. "Ko sai na aiko miki da mota?"

"Ba ta fita ba, Tok. Tana layin jira, ta talatin da ɗaya."

Ya juya ya kalli filin, inda wata malama ke tattara yara. Da ya juyo, sai ya ce ai shi ya sani, tunda ita ta cike takardar, wadda ko rabon alewa aka yi a aji sai ta dawo gida hannu wofi.

"Ni ce mara sa'a? Wa ya ce in bar masa addu'a, tasa ba ta faɗuwa ƙasa?"

"Na yi. Sunanki na ambata a ciki, shi ya lalata ta."

"Barci dai kake yi a kan darduma, Tok. Maƙwabta sun ce minsharinka ya fi na'urar wanki."

"Ƙarya kike. Ni da na ci akuya a kuri'a tun muna ƙauye, kafin a gina waɗannan akwatuna da muke zaune a ciki."

"Nenek ta ce kaza ce, kuma gurguwa."

Nenek ita ce marigayiyar matarsa, kakar Liyana. Sannan Liyana ta gaya masa sauran maganar: dole Intan ta shiga wata makaranta kusa da gidan surukanta a Jurong, can ɗaya ƙarshen gari, a saman kantuna, babu fili, babu Malayanci. Ta ce baɗi za ta sake nema, ana ba na kusa fifiko. Ta faɗi haka tana kallon daɓen ɗakin, domin ita ta raka shi asibiti watan jiya, ita likita ya kira gefe ya ce da wuya tsohon ya kai baɗi.

"Baɗi," ya ce. "To, ki sa wani ya cike takardar."

Sai ta ce duk Asabar za ta kawo masa yarinyar tun safe, shi ne malamin, kuma in bai iya ba za ta kore shi.

"Ki kori wa? Ni na koya miki magana, ga shi har yau ina da-na-sani."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce ta ci, bakinta ya fi nasa. Sannan ya nuna mata ƙarƙashin gado. Ta jawo leda, ta tarar da 'yar hular rana ruwan ɗorawa da ƙaramin bokitin wasa da yashi, ko takardar kanti ba a cire ba.

"Tun ranar da kika kai sunanta na saya," ya ce. "Kai mata. Ki ce ta zo da su ranar Asabar, zan gaya mata sunayensu da Malayanci."